Allin Etelka da Takun Vendel

Duk wanda ya taɓa kai mota shagon facin Bodnar, a bakin hanyar fita daga garin Nadaser, ya san abu uku da ba sa barin aljihun rigar aikin Etelka: gejin auna iskar taya, ɗan littafi mai baƙin bango, da guntun farin alli. Gejin ta canja shi sau huɗu. Littafin shi ne na uku. Alli kuwa kwali-kwali take saye, don taya ba ta fita daga hannunta sai ta ja mata layi.

Shekararta hamsin da tara. Gajeriya ce, kakkaura, hannuwanta kamar na maƙeri. Shagon na mahaifinta ne, ta karɓe shi a 1991 lokacin da ciwon baya ya kwantar da shi, kuma tun daga nan babu tarakta ko motar asibiti a garin da ba ta taɓa tsayawa a ƙofarta ba. Mijinta Vendel mai raba wasiƙu ne, ya yi shekara talatin da takwas yana zaga garin a ƙafa kafin ya yi ritaya. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga shagon. Shekara talatin da biyar da aurensu, ba wanda ya taɓa ganin sun jera a hanya. Shi yana gaba yana jefa ƙafafu, ita tana baya tana sassarfa tana mita.

Suna da 'ya ɗaya da ke aiki a Szeged, suna kuma da Lada ƙirar 1977, ruwan ɗorawa. Da wannan motar Vendel ya yi shekara ashirin da shida yana shiga gasar slalom ta kulob ɗinmu, a farfajiyar tsohuwar masana'antar sukari. Ana jera turakun roba masu tsini, kowane a cikin ɗan akwatin da aka zana da alli a ƙasa. Mota ɗaya ke shiga, ta bi tsakaninsu, agogo yana ƙirga. Ka kayar da turke ko ka fitar da shi daga zanensa, a ƙara maka daƙiƙa biyu. Kowa zagaye biyu yake yi, a ɗauki wanda ya fi sauri. Sau bakwai Vendel ya ɗauki kofin rukunin tsofaffin motoci.

Kowace gasa sabon tsari ake yi wa turakun, kuma da safe ana ba mutane rabin awa su taka filin a ƙafa. A nan aikin mata da miji ya rabu. Vendel yakan haddace kwanoni. Etelka takan nemi wuri mafi tsawo da mota za ta miƙe ba kwana, ta ƙirga shi da taku, ta buɗe littafi, ta ce ga tayar da za a sa.

"Motarmu ƙarfin doki sittin ne da ɗan ɗoriya, ba jirgi ba ce," in ji ta. "Gasar nan gaba ɗaya a giya ta biyu ake yin ta. Ka sa gajeriyar taya, mota ta fita kwana kamar an ɗosa mata wuta, amma numfashinta ba ya nisa. Kafin ka kai ƙarshen miƙaƙƙiya injin ya ƙure, dole ka sa ta uku, ka saki kuloci ke nan kwana ta zo, ka koma ta biyu. Daƙiƙa guda ta tafi a banza. Ka sa doguwa, ta ɗan yi nauyin tashi, amma za ta kai ka har can ba ka taɓa giya ba."

Tayoyi iri biyu ta ajiye wa Ladar. Duka faɗinsu milimita ɗari da saba'in da biyar, duka a kan wili inci goma sha uku. Bambancin a tsayin gefe yake: mai lamba 175/50 ita ce gajeriya, mai 175/60 doguwa. Etelka ba ta yarda da rubutun jikin taya ba sai da ta gwada da kanta. Ta ja alli a taya da a ƙasa, ta gangara ta juyi ɗaya, ta auna. Doguwar ta fi da santimita goma sha ɗaya a kowane juyi. Daga nan, shekara bayan shekara, ta tace abin da ke shafin farko na littafin. Taku tamanin zuwa ƙasa, gajeru. Daga tamanin zuwa ɗari da biyar, dogaye. Abin da ya wuce haka, ta rubuta, "A sa ta uku a yi addu'a."

A watan Maris na bana likita ya ce idon Vendel na dama ya tafi, hawan jinin ido ya cinye shi. Ba a sabunta masa lasisi ba. Ladar ta kwanta a ƙarƙashin tamfol. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a kulob cewa kofunan nan hannun Vendel ne ya kawo su, alli ado ne kawai. Samari suka koma sayen taya ta intanet, su kawo su ce, "Etelka neni, ɗaurawa kawai." Neni a wurinmu inna ke nan. A da sai sun tambaye ta kafin su saya. Yanzu ba mai tambaya.

Wanda ya fasa ƙwan a gabanta shi ne Kalman mahauci. Shi ya riƙe 'yarsu ranar baftisma, don haka koma suke kiran juna, kuma tsakanin koma da koma ba a ɓoye magana. Shi ma Lada gare shi irin tasu, ja, ya yi shekara ashirin yana shaƙar hayaƙin Vendel. Sau tara yana zuwa na biyu. Wata Asabar a watan Agusta ya tsaya a ƙofar shagon yana danna oda.

"Koma! Fito ki ga taya!"

Ya sauke guda huɗu, 205/50, da wili inci goma sha biyar masu walƙiya. Etelka ta ɗaga ɗaya, ta jinjina, ta ajiye.

"Wannan ta tarakta ce ko ta mota?"

"Hassada ce kawai. Faɗi shi ne riƙo, ko yaro ya sani."

"Shi ya sa yake yaro. Kowace ta fi tawa da kilo huɗu. Doki sittin ne za su ja wannan? Kai kanka da ƙyar suke jan ka."

Mutum biyar ne a shagon ranar, duka suka kwashe da dariya. Kalman ya shafa tumbinsa, shi ma yana dariya, amma bai ja da baya ba.

"Ɗaura kawai, koma. Zamanin alli ya wuce. Kofi bakwai ɗin nan ai hannun Vendel ne. Da tayar amalanke ma da ya ci."

Vendel yana zaune a kusurwa, jarida dab da idonsa na hagu. Ya sauke ta a hankali.

"Ladarmu a kan sha uku za ta cinye taka a kan sha biyar," in ji Etelka.

"Wa zai tuƙa? Allin?"

"Ni."

"Ke? Ke da kike tsayawa ki ba agwagi hanya?"

Ta zaro allin da littafin ta ɗora a kan tebur. "Gasar Oktoba. In ka riga ni, a gaban kowa zan miƙa maka waɗannan. Daga ranar duk wanda ya kawo taya in ɗaura, bakina ƙanin ƙafata."

"In kin riga ni," in ji Kalman, "tayoyin nan huɗu ki shuka furanni a cikinsu a ƙofar shago."

Suka tafa. Sannan ta ɗaura masa tayoyin, ta daidaita nauyinsu har sau biyu, ta ja alli a kafaɗar kowace, ta ce ya yi 'yan kwanoni ya dawo ta ga inda allin ya goge don ta san iskar da za ta bar masa. Wani ya ce ai abokin gaba take gyarawa. Ta ce aiki aiki ne.

Etelka ta yi shekara arba'in tana tuƙa motar kayan shago, amma ba ta taɓa shiga gasa ba. Lahadi shida a jere suka je bayan rumbun hatsi na gari, ita da Vendel, da tsofaffin bokitan fenti goma sha biyu a madadin turaku. Shi yana kujerar gefe, gwiwoyinsa har haɓa, yana ihu da Etus, sunan da yake kiran ta da shi.

"Kada ki kalli bokitin gabanki, Etus! Kalli na bayansa!"

"Kai da ido ɗaya kake gaya min inda zan kalla?"

"Da ɗayan ma na ga kin take shi!"

Lahadin farko ta murƙushe bokiti huɗu. Ta uku, ɗaya. Ta shida ba ta taɓa ko ɗaya ba, kuma Vendel ya fito daga motar yana riƙe da ƙofa, ya ce shi bai taɓa sanin haka kujerar gefe take da ban tsoro ba.

Ranar gasar, Lahadi ta biyu ga Oktoba, sanyi ya sauko har digiri shida. Motoci arba'in da ɗaya suka yi rajista, tara a rukunin tsofaffi. 'Yan kallo kuwa ban taɓa ganin irinsu a filin nan ba. Labarin ya zaga gari, har matan ƙungiyar mawaƙan coci suka zo da kujerunsu. An ɗora tukunyar gulyash, wato farfesun nama, tun ƙarfe bakwai, mai suyar langosh, wani soyayyen burodi, ya kira matarsa ta kawo ƙarin ƙullu.

Alƙaliyar gasa ita ce Aranka, malamar lissafi mai ritaya, wadda rabin direbobin nan ta taɓa kora daga aji. Da aka buɗe fili don takawa, sai ta tare Etelka.

"Sababbin shiga, nan. Jawabi da duba hular kwano."

"Aranka, shekara ashirin da shida ina filin nan."

"A ƙafa. A mota ke sabuwa ce. Zauna."

Etelka ta zauna a benci tsakanin samari biyu masu shekara goma sha takwas. Ta ɗaga murya ta ce wa Vendel ya je ya ƙirga mata miƙaƙƙiyar, wadda bana aka shimfiɗa daga tsohon sikelin manyan motoci zuwa gindin bututun hayaƙi. Jawabin ya ci minti ashirin. Goman da suka rage ta bi filin a guje, kanta cike da kwanoni, ba ta ƙirga komai ba. Ta tarar da Vendel yana jiran ta a gefen mota.

"Saba'in da shida," ya ce. "Sau biyu na ƙirga."

"Ƙasa da tamanin. Gajeru ke nan."

Gajerun ne dama a jikin motar. Dogayen suka yi zamansu a bayan motar kaya.

Kalman ne lamba goma sha huɗu. Ya shiga da ƙarfinsa, jar Ladar tana gurnani, manyan tayoyin suna ɗan zamewa a kan kwalta mai sanyi kamar yadda Etelka ta faɗa. Duk da haka bai taɓa turke ba. Lasifika ta ce daƙiƙa hamsin da takwas da ɗigo huɗu. Ya fito yana ɗaga hannuwa sama kamar ya riga ya ci.

Etelka lamba goma sha tara. Ta ɗora matashi biyu a kujera, hular kwanon Vendel ta sauko mata har gira. Tuta ta faɗi, ruwan ɗorawar ta zabura. Jama'a suka miƙe tsaye. Turaku shida na farko ta ratsa su kamar allura a yadi, ta juya kwanar sikeli ba ko ƙarar taya, har wani a bayana ya ce, "Kai, wannan ai ta fi mijin!" Sai ta hau miƙaƙƙiya. Ba ta wuce rabi sosai ba injin ya ƙure, ya kama kururuwa. Muka ji ta sa ta uku. Motar ta ja numfashi, kwana ta taso, ta koma ta biyu da wata ƙara da ta sa makanikai uku suka runtse ido. Hamsin da tara da ɗigo uku.

Ta fito ta cire hular, fuskarta jawur.

"Vendel! Saba'in da shida ka ce!"

"Saba'in da shida ne."

"Da saba'in da shida ne da ba ta ƙure ba! Ka ƙirga ko kana hira da mai langosh?"

"Idona ne ya tafi, Etus, ba ƙwaƙwalwata ba."

Minti arba'in ne tsakanin zagaye na farko da na biyu, kuma an rufe fili, ba mai sake takawa. Ta shiga neman laifin a jikin mota. Ta auna iska, daidai. Ta shinshina kuloci ko yana zamewa, lafiya lau. Ta buɗe littafin ta sake karanta shafin da ta haddace tun kafin a haifi samarin da suka zauna benci tare. Fiye da rabin lokacin ya tafi a haka. Kalman ya iso yana cin langosh, mai yana bin hannunsa.

"Koma, in kawo leda ne ki sa min allin? Kada ya ɓata min aljihu."

"Ka bari a gama tukuna, ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

"Ai ga man nan a hannuna."

Etelka ta juya kan mijinta. "Ka tabbata daga sikeli ka fara, ba daga tsakiya ba?"

Wannan karon Vendel ya juya ya nufi motar kaya, ransa a ɓace, yana jefa ƙafafun nan nasa. Ita kuma ta bi shi kamar kullum, tana sassarfa tana mita. Sun yi kamar mita ashirin, sai ta tsaya cak. Idonta yana kan takalmansa.

"Vendel. Tsaya nan."

Ta durƙusa ta ja layi da alli a bakin yatsunsa.

"Yi taku goma."

"Etus, mutane suna kallo."

"Su kalla. Yi tafiyarka ta raba wasiƙu, kada ka rage."

Ya yi goma. Ta ja wani layin. Ta koma layin farko ta taka da nata ƙafafun, tana ƙirga da ƙarfi, mutanen da suka taru suna taya ta. Goma ta same ta da sauran tafiya. Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku, ƙafarta a kan layi.

"Aranka!" ta ƙwala kira. "Saba'in da shida sau goma sha uku, a raba da goma!"

Aranka ko ɗaga kai daga takardunta ba ta yi ba. "Casa'in da takwas da ɗigo takwas."

Etelka ta dafe kai da hannu biyu, sannan ta fashe da dariya. "Littafin da ƙafata aka rubuta shi! Shekara ashirin da shida ni ke ƙirgawa! Casa'in da tara ne, Vendel, dogaye ne!"

Vendel ya tsaya yana kallon takalmansa kamar yau ya fara ganinsu. "To ai ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ƙarya ba, tsohona, ƙafafunka ne suka yi yawa. Kawo jak!"

Minti goma sha biyu suka rage a kira rukunin. Vendel ya rungumo dogaye biyu ya koma zai ɗauko sauran, ta ce ya bar su. Lada da tayoyin baya take tafiya, su ne ke faɗa wa giya iyakarta. Na gaba gajerun sun fi jin sitiyari, su zauna. Ta aika a tambayi Aranka ko doka ta hana. Aranka ta ce doka ta ce kada taya ta leƙo waje da jikin mota, ba ta ce su zama tsawo ɗaya ba.

Noti na uku ya ƙi kwancewa. Etelka ta hau sifana da ƙafa, ya ƙi. Tana cikin haka sai ga injin kwance noti mai batir an miƙo ta saman kafaɗarta. Kalman ne.

"Riƙe. Ba na so a ce lokaci ne ya cinye ki. Ni nake so in cinye ki."

"Na gode, koma. Zan zaɓa maka furanni masu kyau."

Cikin minti shida aka sauke motar. Ta bi kowane noti da sifana ta hannu, ta auna iska, ta ja alli a kafaɗar tayoyin duk da ba lokacin dubawa. Bayan motar ya ɗan ɗaga. Kalman ya ce ta zama agwagwa mai neman abinci a ruwa. Vendel bai yi dariya ba. Ya sunkuyo ta taga, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma ina kusa na ji.

"Yanzu bayanta zai fi wutsil-wutsil. A gindin bututu za ki zo da gudun da ba ki saba ba. Taka birki tana miƙe, ki saki kafin ki juya. In ta jefa baya kada ki ɗaga ƙafa."

"In na ɗaga fa?"

"Sai mu koma saida furanni."

Kafin nan rana ta fito, kwalta ta ɗumama. Kalman ya sake shiga, wannan karon manyan tayoyin suka kama ƙasa. Ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin, ya fito da hamsin da bakwai da ɗigo tara. Etelka tana kan layi tana jira, ta ji lasifika, ta gyaɗa kai. Daga baya ta gaya min cewa a lokacin ta san tayarsa ta farka, kuma faɗi yana da ranarsa, ba ta taɓa cewa ba shi da ita ba. Sai ta rage kusan daƙiƙa ɗaya da rabi daga lokacinta na farko, in ba haka ba allin ya tafi.

Tuta ta faɗi.

Tashin bai kai na farko zafi ba, kowa ya lura. Amma turaku shidan nan ta bi su dab da dab, har na huɗu ya yi rawa da iskarta. Kwanar sikeli bayan motar ya ɗan leƙa waje, ta kama shi. Ta hau miƙaƙƙiya. Injin ya ɗauki murya, yana hawa, yana hawa, ya wuce wurin da ya ƙure ɗazu bai ƙure ba. Matan coci suka hau kan kujerunsu. Vendel yana bakin igiya yana ihu, "Riƙe ta! Riƙe ta!" Injin ya kai maƙura daidai lokacin da fitilun birki suka kama. Hannunta bai je kan giya ba.

A gindin bututu motar ta jefa baya kamar yadda ya faɗa. Tayoyi suka yi kuka, hayaƙi ya tashi, ruwan ɗorawar ta tafi a karkace. Ba ta ɗaga ƙafa ba. Motar ta miƙe, amma gefen bayanta ya shafi turken kwana. Turken ya yi tangal-tangal, ya matsa, ya tsaya a tsaye. Ita ba ta ma gani ba. Ta ratsa ƙofofi uku na ƙarshe ta keta layin gamawa.

Allo ya nuna hamsin da bakwai da ɗigo bakwai.

Ihu ya tashi, ya mutu nan take, don mai tuta na kwanar bututu yana tsaye a gefen turken, ya kasa ɗaga tuta ya kasa saukewa. In turken ya bar zanensa, daƙiƙa biyu ne, magana ta ƙare. Aranka ta tashi daga teburinta, ta sa tabarau, ta kama hanya da tafiyarta ta shiga aji. Filin nan bai taɓa yi mana tsawo kamar ranar ba. Kalman ya kasa haƙuri, ya tsallake igiya ya riga ta isa, ya durƙusa da tumbinsa da komai, kuncinsa kusan a ƙasa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago.

"Yana kan layi!" ya yi ihu. "Faɗin yatsa ɗaya, amma yana kai! Kaicona!"

"Ba kai ne alƙali ba, Kalman, tashi," in ji Aranka. Ta sunkuya, ta duba, ta miƙe, ta ɗaga hannu. "Babu tara."

Abin da ya biyo baya ba ya ƙirguwa. Samarin bencin nan biyu suka nemi ɗaga Etelka sama, ta ce duk wanda ya taɓa ta zai ɗaura tayarsa da haƙori. Vendel ya iso da taku kamar biyar daga inda wani zai yi goma, ya ɗaga ta da hular da komai, shi ba ta ce masa komai ba. A rukunin ta biyu ta zo. Wani likitan haƙori daga Gyula ne ya ɗauki kofin da tsohuwar Skoda, ya karɓa a gaban mutum kamar bakwai, don sauran duk suna wajen Ladar suna leƙen tayoyin baya.

Ranar Litinin da safe Kalman ya kawo tayoyin nan huɗu, da tukwanen jan fure huɗu da matarsa ta haɗo shi da su, da wuƙarsa ta aiki.

"Ga su. Yanka."

Etelka ta shafa ɗaya. "Taya mai rai? Zagaye biyu kacal ta yi. Ubana zai tashi daga kabari."

Ta jera su a ƙofar shago yadda suke, ta zaunar da tukunya a tsakiyar kowace. Ta ce su yi wata guda a nan kowa ya gani, sannan ta adana masa su, don gasar Yuli da zafin rana za su yi masa amfani in aka shimfiɗa fili mai faɗi. Na Oktoba kuwa ya zo su yi magana.

"To yanzu ma ai ga ni," in ji Kalman. "Masu inci sha ukun nan, akwai irinsu?"

Kafin ta amsa, wani saurayi ya tsaya da mota, ya fito da waya a hannu, hoton taya a kai. "Etelka neni, kafin in saya, ki duba min wannan."

Ta ce ya bi layi, mahauci ya riga shi.

A shafin farko na littafin, ƙasan maganar addu'a, yanzu akwai sabon layi: "Goman Vendel, sha ukuna." Ta riga ta yi rajistar gasar Afrilu. Wannan karon ba sabuwar shiga ba ce, da ƙafarta za ta ƙirga. Vendel ya ce shi ma zai ƙirga nasa, don a riƙa gwadawa. Ta ce ya ƙirga, amma ya jira ta su jera.